Darar Malam Abdurrahim

Ƙofar Sauri, Katsina
4 ga Shawwal

Zuwa ga 'yata Lailatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, yaya aka sha ruwa, yaya hidimar sallah? Mu nan lafiya lau muke, sai zafin da ke nema ya soya mu da ranmu. Innarki na gaishe ki.

Uwata, tunda sunan mahaifiyata kika ci ba zan ɓoye maki komai ba. Na san za ki yi dariya ki ce ga waya a aljihuna amma na zauna ina wahalar da biro. Kunnena na hagu ya riga ni yin ritaya, in zan yi waya sai na buɗe murya duk unguwa ta ji, Innarki kuma ta amsa maki kafin in buɗe baki. Wannan magana ba ta unguwa ba ce, shi ya sa na ba Kawunki Abbas direba ya kawo maki hannu da hannu.

Tun da sunana ya fito cikin maniyyatan bana nake zagaya dangi da abokan arziki ina neman yafiya, kamar yadda kowa ke yi in zai tafi ɗakin Allah. Na je wajen kowa, har mahaucin da na taɓa yi wa tsawa kan ƙashi. Gida ɗaya ya rage, gidan Alhaji Almu na Ƙofar Durɓi. Kun taso kun ga ba ma magana, ba ku taɓa tambaya ba, Allah ya yi maku albarka. Yau zan faɗa maki.

Ni da Almu tare muka tashi, kwano ɗaya muke ci. Babansa, Malam Abdurrahim, yana da wata jar dara mai tuntu da ya saya hannun wani Balarabe a Kano tun ba a haife mu ba. Kakanki ke wanke mashi ita duk sallah. Da Malam ya rasu Almu ya gaje ta, ni kuma na riga na gaji rumfar wankin hula. Saura kwana biyu babbar sallah, shekarar da aka haifi yayanki Mannir, bana shekara arba'in ke nan, Almu ya kawo mani ita. Ranar dara biyar ke gabana, ban da zanna da damanga da suka cika tabarma. Na wanke, na ɗora a katako ta bushe, na goge ta har tana ƙyalli. Ran jajibiri ya zo karɓa. Ya ɗora a ka, ya cire, ya ajiye ta gaban mutane ya ce, "Gwadabe, wagga ba hular babana ba ce."

Kin san ubanki. Ban bari ya ƙara kalma ɗaya ba. Mai wankin hula ba shi da komai sai amana, ga shi an taɓa ta gaban jama'a. Na ce in ɓarawo yake nema ya je ya duba ofishin da yake aiki. Ya kaɗa riga ya tafi ya bar hular. Tun ranar tana cikin adakata da kafur, mu kuma sai dai mu haɗu wajen jana'iza kowa ya kalli gabas.

Shekara arba'in ina rantsuwa ban musanya ba. Amma da tafiya ta matso sai zuciyata ta fara yi mani tambaya. Dara biyar, duk ja, ga gajiya, ga mutane tsaye a kaina. In fa hannuna ya kuskure na ba wani ta Malam, na miƙa wa Almu 'yar kanti? Tsoro nake ji, Uwata, kada in tsaya a Arfa da haƙƙin maraya a wuyana, kuma ban san abin da zan je in ce mashi ba, in ce na yi ko in ce ban yi ba.

Ke kika yi karatun tsofaffin kaya, har gidan tarihi ke ajiye ki don ki dubi tsumma ki faɗi shekarunsa. To ga tsumman ubanki nan cikin leda. Ki duba mani, tsohuwar Larabawa ce ko 'yar kanti? Kada ki lallashe ni, gaskiya nake so.

Ki gaida maigidan da yaran. Allah ya yi maki albarka.

Mahaifinki,
Gwadabe mai wankin hula

*

Kaduna
8 ga Shawwal

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Baba, ina gaisuwa cikin ladabi, da fatan kun yi sallah lafiya kai da Inna da kowa da kowa. Saƙo ya iso. Kawu Abbas ya ƙi ajiye ledar sai da na wanke hannu, ya ce haka ka umarce shi.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Na farko na yi dariyar ofishin Baba Almu, na biyu kuma hawaye ya zo mini, don ban san kana ɗauke da wannan abu kai kaɗai ba.

Ga abin da na gani. A gaban hular, wajen da goshi ke gogawa, laushin sama ya cinye. Na sa gilashin ƙara girma a wurin, sai ga saƙa a ƙasa, layi-layi kamar na safa, kuma idanun saƙar ba ɗaya suke ba, wani ya fi wani, alamar hannu ne ya yi ba inji ba. Irin tsofaffin da ke zuwa daga ƙasashen Larabawa haka ake yin su. A saƙa hula babba da zaren ulu, a yi ta wanki da bugu har ta taƙure ta yi kauri, sannan a taje ta, a rina. Rinin taka ya ratsa har cikin naman hular. 'Yan kantin shekarunku da muke da su a ajiye a nan, yawancinsu akwai zagayen leda a bakinsu daga ciki da tambarin kamfani, taka kuwa ba ta da ko ɗaya, ba kuma ramin allurar da zai nuna an taɓa cirewa.

Ka yafe mini, na zare zare ɗaya daga tuntun na ƙona. Bai narke ya dunƙule kamar leda ba, ƙaurin gashi ya yi, ya zama toka. Alharini ne. Ba zan rantse kan shekara ba, amma hular nan ta haura saba'in, wataƙila ta girme ka.

Saboda haka ba 'yar kanti ba ce. Sai dai kada ka yi saurin sa takalmi. Na nuna tsohuwa ce, ban nuna ta Malam Abdurrahim ba ce. Ka ce dara biyar ke gabanka ranar. Ka tabbata sauran huɗun duk sababbi ne?

Akwai wani abu kuma. Na juya cikinta na haska tocila daga gefe, sai na ga wani siririn tudu, tsawon ɗan yatsa, ya taso daga tsakar ka ya gangaro gefe, a ƙarshe ya lanƙwashe. Ba ɗinki ba ne, ba kuma cin asu ba. Dara tana da riƙo, Baba, kai ka fi ni sani. In ta shekara da shekaru tana bushewa kan katako ɗaya, sai ta ɗauki tabonsa. Wannan tudu ya nuna katakon da ta saba da shi yana da tsaga, ulun ya riƙa shiga ciki. Katakan Kaka suna nan? Akwai mai tsaga a cikinsu?

Ka riƙa shan ruwa da yawa, kuma ka daina yawon neman yafiya da tsakar rana. Ka gaishe mini da Inna.

'Yarka mai biyayya,
Lailatu

*

Ƙofar Sauri
12 ga Shawwal

Uwata,

Salamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Takardarki ta zo, na karanta ta a zaure na tura ƙarƙashin buzu, Innarki na wucewa tana tari irin na mai son labari.

Kin kama ni. Cikin biyar ɗin akwai ta limamin unguwarmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, ita ma tsohuwa ce mai tuntu. Na yi murna rabin sa'a, tambayarki ta ƙwace.

Batun kataki kuwa, bari in koya wa malama karatu. Nawa, waɗanda kika taso kika gani a rumfa, kafinta ya yi su da inji. Sumul suke, in kin duba za ki ga zobe-zoben injin, icen ba nauyi, an rubuta lamba da fenti a gindi, ashirin da ɗaya, da biyu, da uku. Na kakanki daban ne. Ƙirya ce, masassaƙi ya yi da gizago, in kin shafa za ki ji sawun kowane sara, kuma gara ta gwada haƙorinta ta haƙura. A zamaninsa babu lamba. Kowane babban mutum da katakonsa, an sassaƙa daidai kansa, shaidar kuma tsaga ce da wuƙa a gindi. Liman ɗaya, alƙali biyu, Malam Abdurrahim uku. Na Malam ya fi kowanne girma, don Allah ya ba shi kai, ya kuma ba shi ilimin cika shi. Ina yaro ya taɓa suɓuce mani ya faɗi kan dutse ya dare daga sama, na sha dukan da har yau in hadari ya taso ina tunawa.

Sha biyu kakanki ya bari. Na buɗe buhu na ƙirga, sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, ko ɗaya bai haihu ba, kuma mai tsaga ukun ne babu. Kwana biyu ina birkita gida. Na shiga ɗakin ajiya, na leƙa akurkin kaji, na hau soro da wannan gwiwar tawa. Har na yanke cewa an hura shi ƙarƙashin tukunya lokacin bikin Mannir, na zauna bakin rijiya raina a ɓace.

Daga nan zaune nake kallon Innarki tana aikin awararta. Ta juye a buhu, ta ɗaure baki, ta ɗora faifai, sannan ta sunkuya ta ɗauko wani baƙin abu da hannu biyu ta danne.

Na ce, "Innar yara, mi ke bisa buhun nan?"

Ta ce, "Icen awarata ne."

"Tun yaushe?"

"Shekara ashirin shina hannuna, Malam, yau ka gan shi? Yashe na same shi bayan ɗaki. Duk unguwar nan babu awarar da ta kai tawa kamuwa, kuma wanga icen ne sirrin."

Na juya gindinsa, ga tsaga uku. Na duba samansa, ga darewar da na sha duka a kanta. Uwata, shekara ashirin mutanen Ƙofar Sauri na cin awarar da aka danne da girman kan Malam Abdurrahim, shi ya sa yaran unguwar nan ke cin jarrabawa.

Da na ce zan aika maki shi Kaduna sai ga rigima. Dole na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Halan kai kaɗai ne ba ka san na sani ba. Duk shekara ni ke canza kafur ɗin adakar." Ta ba da aro na mako ɗaya, ba ƙari. Yanzu dutsen niƙa take dannawa da shi, tana ta mita wai yana fasa mata buhu.

Ga shi nan wajen Abbas. Kada ki ce yana warin waken suya, na sani. Ki gwada ki faɗa mani, kwana na ƙarewa.

Mahaifinki,
Gwadabe

*

Kaduna
16 ga Shawwal

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna mai sirrin awara. Abokan aikina sun kewaye katakon suna shafawa, shugabarmu har ta tambaya ko za ku bar mana shi. Na ce ta je Katsina ta nema da bakinta, ni ina son zaman lafiya da uwata.

Baba, ka kwantar da hankalinka, hular Malam Abdurrahim ce. Na shimfiɗa takarda marar kauri kan darewar katakon na goga fensir har siffarta ta fito, na ɗora ta kan tudun da ke cikin hular. Tafiyarsu ɗaya, har lanƙwasar ƙarshen. Ice biyu ba sa darewa iri ɗaya. Ba ka musanya ba, abin da Baba Almu ya kawo shi ka mayar masa.

Amma ka ce kada in lallashe ka. Da na zo ɗora hular kan katakon, ta ƙi shiga. Ta sauka kamar yatsa biyu ta tsaya, ban kuma tilasta mata ba. Na ɗauko tef na auna. Katakon inci ashirin da huɗu ne, bakin hular ashirin da biyu. Shi kansa tudun na cikin hular ya ɗan fi darewar gajarta, kamar abin da ya taƙure. Ga yadda na fahimta. Ta yi shekaru tana bushewa kan wannan katako, sannan a wankin ƙarshe ta sha ruwan zafi, aka ɗora ta kan wani ƙarami, ta tsuke ta kama shi. Wankin ƙarshe kuwa naka ne.

Ranar nan, wane katako ka ɗauko? Kuma kan wa ke ashirin da biyu?

Na mayar da duka biyun ta hannun Kawu Abbas kafin wa'adin Inna ya cika. Roƙona ɗaya, a matsayina na mai wannan aiki: kada a sake jiƙa hular nan, kada a ja ta. Ulun ya tsufa, wajen goshin ya yi sirara, tururi kaɗan zai iya yaga ta. A bar ta yadda take, a naɗe ta cikin farin ƙyalle.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Taka,
Lailatu

*

Ƙofar Sauri
19 ga Shawwal

Zuwa ga Alhaji Almu ɗan Malam Abdurrahim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali baki ɗaya. Na san rubutun nan zai ba ka mamaki. Sau uku ina zuwa bakin layinku in juyo, na huɗun na ce gara takarda, ita ba ta da zuciyar da za ta tashi.

Bana in Allah ya yarda zan sauke farali, kuma ba na son in tafi da maganarmu a buɗe. Ga hular Malam nan cikin farin ƙyalle. 'Yata Lailatu, wadda ke aiki gidan tarihi a Kaduna, ta duba ta, ta gwada ta da katakon da babana ya sassaƙa wa Malam, tabon katakon na cikinta. Tasa ce, Almu, ban musanya ba.

Amma na yi maka wani laifin da ban san na yi ba sai shekaranjiya. Babana ya koya mani cewa mai wankin hula ba ya tambayar mutum girman kansa, rashin kunya ne. Yana gaishe ka kana duban kan, kafin ya gama gaisuwa ka san katakonsa. Haka na yi shekara hamsin ina yi, hannuna na ɗauka ban ma sani ba. Ranar da ka kawo darar Malam, kanka na duba. Na bar katakon Malam a buhu na ɗora ta kan ashirin da biyu, naka. Ta tsuke ta zama taka. Ka kawo mani hular babanka na mayar maka da hula daidai kanka, har ina jiran ka yaba.

Da ka ce ba ita ba ce, da na tambaye ka dalili da magana ta ƙare kafin la'asar. Sai na zage ka gaban mutane. Wannan ya fi na hular muni, kuma shi na fi jin kunya. Ka yafe mani don Allah. In ba ka iya ba yanzu, ka karɓi hular dai, haƙƙinka ce.

Na yi kewarka, wannan ma gara in faɗa tunda na fara.

Abokinka na da,
Gwadabe

*

Ƙofar Durɓi, Katsina
21 ga Shawwal

Zuwa ga Malam Gwadabe,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Na samu takardarka mai kwanan wata sha tara ga wannan wata, tare da abin da ke haɗe da ita. Ka ga har yau ban iya buɗe wasiƙa ba sai irin ta ofis. Ina taya ka murnar kujera, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya karɓi ibada.

Rubutunka bai gyaru ba. Sai da na sa tabarau biyu.

Gwadabe, bari in faɗa maka abin da ka hana ni faɗa. Tun ina ƙarami, in Malam ya kishingiɗa da azahar ya ajiye darar nan, nakan saɗaɗa in ɗora. Har hanci take rufe ni. Na girma, na yi aure, na yi gemu, ba ta daina faɗo mini har kunne ba. Bayan rasuwarsa nakan shiga ɗaki in sa ta, ta faɗo, sai in ji har yanzu ni yaro ne, akwai babba a gidan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uwar 'ya'yana.

Ranar jajibirin nan na ɗora ta a rumfarka, ta zauna daram, ba ta motsa ba. A nan tsaye na san Malam ya tafi, kuma ni ne babban. Wata bakwai da binne shi, amma ranar ya mutu a wurina. Abin da ya fito bakina shi ne abin da ka ji. Ban san dara na tsukewa ba, ni ma'aikacin takarda ne, na ɗauka da gaske wata ce. Ka tura ni neman ɓarayi a ofishinmu, na duba kuwa, na samu, amma wannan wata magana ce.

Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini. Na ɗora maka zargi gaban jama'a a kan sana'arka, sannan na yi shekara arba'in ina jiran ka fara zuwa, gidanka kuma bai fi tafiyar minti ashirin ba. Girman kai ne, ba irin na Malam ba, wancan ɗayan.

Ina da buƙata guda. Tunda katakon Malam na nan, ka mayar mini da ita kansa. Na gwada ta jiya, har yanzu daidai take, ni kuma ba daidai nake so ba. In ta yage ta yage a hannunka, ba zan ce komai ba. Zan zo ranar Juma'a bayan an sauko, da hular. Ka gaida uwargidanka Malama Furera, ka ce mata baƙo na nan tafe kuma ba ya cin yaji.

Naka,
Almu

*

Ƙofar Sauri
25 ga Shawwal

Uwata,

Salamu alaikum. A gaida kowa. A gurguje nake, Abbas na zaune cikin mota yana danna mani oda.

Na saɓa maki, ki yi haƙuri. Almu ya zo Juma'a. Mun ɗora tukunya a zaure, na riƙa nuna wa hular tururi ina ja da yatsa kaɗan-kaɗan, shi yana riƙe da katakon tsakanin gwiwoyinsa. Tun bayan sallar Juma'a har la'asar sakaliya muna abu ɗaya. Wajen goshin ya buɗe kamar ƙwayar gero, na tsaya, ya ce ci gaba. Ta shiga har gindi.

Jiya ya dawo ta bushe. Ya ɗora, ta faɗo mashi har kunne. Tsoho mai shekara saba'in da uku, Uwata, ya zauna kan buzuna yana dariya hawaye na bin gemunsa, ni ma ban tsira ba.

Da zai tafi na ce ya ɗaga ta ya ga hanya. Ya ce, "Bar ta. Kai dai taso ka raka ni." Na riƙe hannunsa har Ƙofar Durɓi, na kuma shiga na ci tuwo.

An ce mu shiga sansanin alhazai ranar Talata ta sama. Ba ni da sauran gidan zuwa.

Allah ya yi maki albarka.

Mahaifinki,
Gwadabe